Dokar Hana Shayi

Litinin, 7:12 na safe

Yau kwana uku ke nan da matata ta ɗauke filonta daga ɗakinmu ta kai ɗakin 'yarmu. Shekara ashirin da bakwai muna kwana gado ɗaya. Ko fushi take yi da ni, iyakarta ta juya wa bango fuska, ba ta taɓa fita ba. Yanzu ta fita, wai ina harbinta cikin barci kamar jaki. Ta nuna min ƙwaurinta, akwai shaida, ban musa ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne hukuncin da ya biyo baya.

Gwamnati nake kiranta tun muna sabon aure, don ba ta kwana biyu ba ta kafa doka ba. Dokar wannan karon ita ce ba shayi, ba kofi, ba baƙin lemon kwalba, sai ƙafafuna sun natsu. In sun natsu, filo ya dawo. 'Yarmu ce ta jawo min wannan fitinar. Ta latsa waya minti biyar ta gano abin da ke damuna har da sunansa, wai ciwon rashin natsuwar ƙafa, kuma wai wani sinadari da ke cikin shayi, kafeyin, shi ke hura wutarsa. Aikin akawu ta karanta, amma tun da ta sayi wayar nan ta zama likitar gida. Ita ta ba ni wannan littafin in riƙa rubuta abin da na ci da yadda ƙafar ta kwana. Zan rubuta mata nata a 'yar takarda. Wannan nawa ne.

Tun ina ɗan shekara goma sha biyar nake shan shayi. Ƙafar nan wata uku ke nan da ta fara. Ina shayin yake duk shekara arba'in ɗin nan, barci yake yi?

Litinin, 4:40 na yamma

Na zo shago na tarar babu butar lantarkina. Tela, maƙwabcin shagona, ya ce Gwamnati ce ta zo da kanta jiya da mukullina na ajiya, ta kwashe buta da gwangwanin ganye da na sukari, har kofin da ya shekara tara a kan teburina. Yana ba ni labari yana dariya, nasa kofin a hannu yana tururi.

Gyaran agogo aikin zama ne. Ka sa gilashi a ido ɗaya, ka riƙe hantsaki, ka ɗauke numfashi, ka ɗora sukurun da bai fi ƙwayar yashi ba a raminsa. Da safe lafiya lau nake. Da la'asar ta yi sai abin ya taso. Ba ciwo ba ne, shi ya sa ba wanda ya gane abin da nake faɗa. Wani abu ne kamar tururuwa na yawo a cikin ƙashi, tsakanin gwiwa da idon sawu, ba a fata ba balle ka sosa. In ka motsa ya lafa, in ka zauna ya dawo. Ɗazu gwiwata ta daki ƙasan tebur, sukurori uku na agogon wani direba suka yi tsalle. Na samu biyu. Ina rarrafe ina neman na ukun mai agogon ya shigo, ya tambaye ni ko lafiya.

Laraba, 9:05 na safe

Kaina kamar ana daka a ciki. Ruwan zafi da lemon tsami aka ba ni, kuma a kofin shayi, don cin fuskar ya cika. Ƙafa ba ta fasa komai ba. Filo bai dawo ba.

Alhamis, 7:46 na yamma

An kira ni daga can da safe, na rufe shago na tafi. Na ce wa Tela kayan aiki zan sayo. Minti hamsin a mota, awa guda a layi, abin da ya kai ni kuma minti goma sha ɗaya. Suka ba ni biskit biyu da lemon kwali, suka ce in zauna kada in miƙe da sauri. Zaman nan ya fi allurar wahala, ƙafafuna na ta rawa a ƙarƙashin benci.

Ban hau sama na duba shi ba. Ban taɓa hawa ba. Na miƙa wa matarsa rabin takardar a bakin ƙofar asibitin, ta fara godiya da kuka, na ce ta riƙe abinta. Ɗaya rabin na sa shi a cikin agogon bangon Inna da ke rataye a shago, inda sauran suke.

Riga mai dogon hannu zan sa kwana biyu. Gwamnati ta tambaya ko sanyi nake ji cikin wannan zafin, na ce eh, rashin shayi ne. Ta yarda. Na ji daɗin yardar nan fiye da yadda ya kamata.

Juma'a, 6:58 na safe

Filo bai dawo ba.

Asabar, 5:50 na yamma

An kama ni da laifin da ban san na yi ba. Tela ya ga ina dafe da kai tun Laraba, ya ba ni ƙwayar ciwon kan da yake sha. Wallahi minti ashirin kai ya sake ni, har addu'a na yi masa. Kwana uku ina sha, biyu da safe biyu da la'asar. Yau likitar gida ta ga kwalin a aljihun rigata za ta kai wanki, ta juya bayansa ta karanta ƙananan rubutun nan da ba mai karantawa. Ashe da kafeyin a ciki.

Aka yi zaman kotu a falo. Na ce ban sani ba. 'Yata ta ce ni da nake ganin sukurun da ido ba ya gani, yaya za a yi rubutun kwali ya gagare ni. Gwamnati ba ta ɗaga murya ba, ita dama ba ta ɗagawa. Cewa kawai ta yi a sake farawa daga kwana na ɗaya.

Sati guda na ruwan lemon tsami ya tashi a banza. Na koma na samu Tela da maganar, ya ce shi dai ya san ƙwayar tana aiki, bai taɓa tambayarta me ta ci ba.

Litinin, 8:31 na safe

Kowa ya zama likita sai ni mai ƙafar. Yayar Gwamnati ta bugo waya ta ce sukari ne. Mai shagon ƙasan gidanmu ya ce sanyin tayil ne, in daina taka ƙasa ba takalmi. Wani da ya kawo agogo canjin batir ya ce in sa sabulu a ƙarƙashin zanin gado, kuma da gaske yake, har irin sabulun ya faɗa. 'Yata ta ƙara cakulan a cikin haramtattu, ni da rabona da cakulan tun tana firamare. An hana ni cin abinci bayan takwas. An sa ni jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi cikin bahon wanki, ina zaune kamar kazar da za a fige.

Abin da ya fi ƙona min rai, ita ma Gwamnati ta daina sha. Ba wanda ya hana ta, ita ta ce ba za ta sha ina kallo ba. To yanzu da wa zan yi faɗa? Shida da rabi na safe lokacinmu ne, mu zauna a baranda da filas a tsakaninmu kafin titi ya cika, ta ba ni labarin maƙwabta ina yi kamar ba na saurare. Yanzu a wannan lokacin tana wanke kwanon da ya riga ya wanku, ni kuma ina zagaye falo. Da suka ɗauke shayin, da wannan rabin awar suka haɗa, kuma ba wanda ya nemi shawarata.

Laraba, 1:15 na rana

Ba ciniki, Tela ya tafi kai ɗinki. Bari in rubuta, tunda takarda ba ta da baki.

Auta ne a asibitin. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na koya masa hawa keke. Jininsa ke ƙarewa, a ƙara masa ya sake ƙarewa. Likitoci na da sunan abin, ni ban riƙe ba don ban so in riƙe. Ƙa'idarsu ita ce duk ledar jinin da aka sa masa sai dangi sun mayar da wata. Wata biyar da suka wuce matarsa ta zo shagon nan ta tsaya a bakin ƙofa, ta kasa shigowa.

Ta san dalili. Inna ta yi shekara bakwai a kwance a gidana. Gwamnati ce ta juya ta, ta wanke ta, ta ba ta abinci da cokali, har bayanta ya samu matsalar da take fama da ita har yau. Auta yana zuwa da ledar ayaba sau ɗaya a wata, ya zauna minti ashirin yana duba agogo. Ranar da Inna ta rasu, falo cike da mutane, ya nuna matata da yatsa ya ce da an kula da tsohuwar nan da ba ta tafi yanzu ba. Gwamnati na riƙe da tiren kofuna. Ta ajiye tiren a hankali ta shiga ɗaki. Ni kuma na rantse a gaban kowa cewa daga ranar ba ni da ƙane. Shekara huɗu ke nan ba a ambaton sunansa a gidana.

To amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Sau huɗu na ba da jini. Sun ce tsakanin bayarwa da bayarwa sai an yi wata uku, shi kuma ba shi da wata uku na jira. Akwai wata cibiyar karɓar jini a ɗaya gefen gari da asibitin ke amsar takardarta. Nan sau biyu, can sau biyu, kowanne na ɓoye musu ɗayan. Ni da nake faɗa da mutane a kan minti biyu, na haɗiye watanni ban ƙifta ido ba.

Ta yaya zan kalli matar da aka yi wa wannan cin mutuncin in ce mata jinina nake kai masa? Ba zan iya ba. Kuma wannan ba ruwansa da maganar ƙafa. Hannu daban, ƙafa daban.

Juma'a, 7:03 na safe

Akwai gaskiya ɗaya da ba zan faɗa a falo ba. Tun da na bar ƙwayar Tela, abin yana jinkirin tasowa. Da ƙarfe huɗu yake farawa, yanzu sai wajen shida, barci ma yana ɗan zuwa da wuri. Amma tasowa yana tasowa, jiya sai da na zagaye teburin falo har na gaji da ƙirga kafin in kwanta, kuma da safe na tarar da zanin gado a ƙasa.

'Yata na jiran takardarta. In na rubuta da sauƙi, shayi ya tafi ke nan har abada. In na rubuta babu, filo ba zai dawo ba. Na rubuta mata: ana nan dai.

Lahadi, 6:30 na safe

Baranda, ni kaɗai, da ruwan lemon tsami.

Talata, 3:22 na rana

Matar Auta ta sake kira. Leda biyu suke so. Na tafi cibiyar can ta ɗaya gefen gari, na yi layi kamar kullum. Wata nas mai tabarau ta soki yatsana, ta duba na'urarta, ta dube ni, ta ce in naɗe hannun riga. Tabon wancan zuwan bai gama ɓacewa ba. Ta buɗe babban littafinsu ta samo sunana, wata ɗaya da rabi da ya wuce. Ta ce ko digo ba za ta ɗiba ba, jinina ya yi ƙasa, in je in ga likita. Na ce jinina ne, a jikina yake, ni na kawo shi da ƙafata. Ta ce, "Baba, ƙafar taka ma ai ga ta nan ta kasa tsayawa wuri ɗaya." Mutanen layi suka yi dariya.

Yarinyar da na girme wa uwarta. Ko biskit ɗin ba ta ba ni ba. Na fito na kira matar Auta na ce yau ba ta yiwu ba. Ta ce ba komai Yaya, Allah ya saka. Na ji muryarsa daga nesa yana tambayar da wa take magana, ta ce da mai kawo ruwa ne. Ashe shi ma bai sani ba. Na tsaya a tashar mota na bar mota biyu suka wuce.

Laraba, 8:15 na dare

Hawa na biyu muke, matakala ashirin da shida. Shekara goma sha takwas ina hawa ba na kama ƙarfe. Yau a ta goma sha tara idona ya rufe, na farka na ga mai shagon ƙasa yana yi min fifita da kwalin madara, Gwamnati a tsaye ba ɗankwali. Na ce rashin shayi ne. Wannan karon ba ta yarda ba. Gobe asibiti, kuma ƙafarta ƙafata.

Juma'a, 2:09 na rana

Jiya suka ɗebi jini, yau muka koma karɓar sakamako. Likitar yarinya ce, ba za ta fi 'yata ba, amma tana saurare, wannan na ba ta. Kafin ta buɗe takarda na ce ta raba mu tukuna, shayi ne ko ba shayi ba ne?

Ta ce akwai mutanen da kafeyin ke tsananta musu abin, musamman in sun sha da yamma, akwai kuma waɗanda bai dame su ba, sai mutum ya gwada a jikinsa. Amma shayi ba shi ne tushen nawa ba. Sinadarin ƙarfe da jiki ke ajiyewa don yin jini, nawa ya kusa ƙarewa ƙarƙaf, kuma ƙarancinsa sananne ne wajen tayar da irin wannan ƙafar. Ta ƙara da cewa shan shayi a kan abinci yana hana jiki ɗaukar sinadarin yadda ya kamata. Wato kowa ya ci rabin shari'a. Na juya zan kalli Gwamnati in karɓi rabina, sai likita ta ci gaba.

Ta ce namiji mai shekaruna ba ya rasa wannan sinadarin haka kawai, jini yana zuba a wani wuri. Ta tambayi cikina, ta tambayi bayan gidana, a gaban matata. Sannan ta ɗago ta ce, "Baba, ka ba da jini kwanan nan?"

Agogon bangon ofishinta yana baya da minti huɗu. Shi nake kallo na ce a'a.

Ta rubuta min gwajin da ake zura kyamara a ciki, ranar Laraba mai zuwa. Ba ta faɗi abin da take nema ba, mu ma ba mu tambaya ba, kowa ya sani. Gwamnati ta tambaye ta ko shayi mai kauri a kan cikin da ba komai zai iya cinye hanjin mutum, don ita ke dafa min, shekara ashirin da bakwai, kuma da kauri take yi don haka nake so. Likita ta ce kada ta ɗora wa kanta komai, a jira gwaji. A mota Gwamnati ta riƙe jakarta da hannu biyu har muka iso.

Asabar, 6:44 na safe

Ashe hannu da ƙafa jini ɗaya suke sha.

Asabar, 4:10 na yamma

Ai ba laifina ba ne ni kaɗai. Wa ya ce likita ta tambaye ni a gabanta? Wa ya ce Auta ya buɗe bakinsa ranar nan? Wa ya ƙirƙiro wata uku? Na ɓata sifirin, siririn ƙarfen nan mai naɗewa, na agogon wani malamin makaranta, na farko cikin shekara shida. Tela ya leƙo da kofi a ɓoye a bayan wani yadi, ya ce in kurɓa ba mai gani. Na ce ya fita min da shi.

Lahadi, 5:35 na yamma

Gwamnati ba ta ci abinci ba tun Juma'a, sai juya cokali. Ta dafa min hanta da wake da alayyafo, ta yanka lemon zaƙi a gefe kamar yadda likita ta ce, ta zauna tana kallon bakina. Filas ɗinmu na baranda ta ba mai shagon ƙasa kyauta.

Ɗazu ina zagayena a falo na ji ta a kicin tana waya da yayarta, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce wataƙila gaskiyar Auta ce, duk wanda ta ciyar da hannunta sai ya lalace. Ta ce ga Inna, yanzu ga Malam, wato ni.

Shekara huɗu ba a faɗi sunan nan a gidana ba, yau an faɗe shi, kuma ga yadda aka faɗe shi. Ƙafafuna suka tsaya cak. Karo na farko cikin wata uku suka tsaya da kansu, kuma ban ji daɗin tsayawar ba.

Litinin, 10:27 na safe

Na fita tun kafin gari ya waye sosai, na buɗe shago, na sauke agogon Inna na ciro takardun huɗu. Shida da rabi daidai na same ta a baranda tana shanya. Na ce ta zauna. Na jera su a kan kujerar da filas ke zama.

Ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya tana duba kwanan wata. Akwai sunan mara lafiya a kan kowacce. Na yi bayani, na yi ta bayani, na ce rantsuwa na yi a gaban mutane, na ce don kada in ɓata mata rai ne, na ce ban san yana da alaƙa da ƙafa ba sai ranar Juma'a. Ta bar ni na gama. Ta tambaya yaya jikin nasa, na ce ban sani ba, ban taɓa hawa na gan shi ba.

Ta ce, "Jininka ne, Malam, ƙaninka ne. Da ka bar shi ya mutu saboda ni, da na raina ka. Amma ka zauna ka auna ni, ka ga ni matar da za ta hana a ba mara lafiya jini ce."

Na ce ba haka ba ne.

Ta ce, "Auta sau ɗaya ya faɗa, a gaban mutane, cikin zafin mutuwa. Kai wata biyar kana faɗa a zuciyarka."

Ta ninke takardun ta sa a aljihunta, ta koma ta ci gaba da shanya. Na zo nan da shirin in rubuta abin da ya kamata in mayar mata. Minti arba'in ina riƙe da biro, ban samu ba.

Talata, 7:20 na safe

An ajiye min abinci a rufe. Ba magana. 'Yata ma ba ta nemi takardarta ba.

Talata, 3:48 na rana

Na koma wurin likita ni kaɗai na faɗa mata gaskiya. Ta cire tabarau ta ajiye, ta wanke ni tas, a zaune, cikin ladabi, wanda ya fi zagi ciwo. Ta ɗage gwajin kyamarar, ta ce ba ta soke ba, sai ta ga yadda jinin zai tashi. Ta ba ni ƙwayoyin ƙarin jini, ta ce watanni za a ɗauka, kada in zo mata bayan sati ina ƙorafi. Ba da jini kuma in manta da shi sai ta ce. Na yi ƙarfin hali na tambayi shayi. Ta ce kofi ɗaya da hantsi, nesa da abinci, ban da bayan azahar, in ga yadda ƙafar za ta ce.

Sati uku da suka wuce da na ji wannan da na sa an buga shi a takarda na manna a ƙofar kicin. Yau ban san wa zan kai wa ba.

Laraba, 6:52 na safe

Filo bai dawo ba. Ban ga laifinsa ba.

Alhamis, 4:05 na yamma

Tela bai buɗe shago ba sai bayan azahar. Ya shigo yana tafiyar ƙasaita, ya naɗe hannun riga ya nuna min filasta. Ya ce Gwamnati ce ta tare shi jiya a bakin titi ta ce gobe ƙarfe takwas a asibiti, kuma ya karya kafin ya fito. Da ya je ya tarar da 'yata, da mai shagon ƙasa, da 'ya'yan yayarta biyu, da ita kanta a gaban layi da takardar sunaye a hannu. Mutum shida. An karɓi jinin mutum biyar, an mayar da mai shagon ƙasa saboda hawan jini, kuma wai har yanzu yana jin haushi.

Leda biyar a safiya ɗaya. Ni wata biyar ina saɗaɗawa kamar ɓarawo na tara huɗu, na ƙarar da jinina, na kori matata daga ɗaki da harbi, na sha ruwan lemon tsami na sati uku. Tela ya ce da ma na tambaye shi tun farko, shi biskit ɗin ma ya yi masa daɗi.

Da na dawo gida ta fito daga kicin, filasta a hannunta na hagu, ba ta rufe shi ba. Na tambaya ko ta hau sama ta gan shi. Ta ce jini aka ce ana so, ba gaisuwa ba. Ta ce ita ba ta hau ba kuma ba yanzu za ta hau ba, amma ni gobe in hau, ƙanena ne, in daina aika masa jini kamar mai kawo ruwa. Wato matar Auta ta ba ta labari duka. Sabuwar doka ke nan, kuma ban ɗaukaka ƙara ba.

Juma'a, 5:18 na yamma

Na hau. Ya rame har agogonsa na yawo a hannu, ya kusa kai gwiwar hannu. Ya ce Yaya. Na cire agogon na ƙara wa madaurin huda biyu da abin da ke aljihuna, na mayar masa. Ya riƙe hannuna ya tambayi matata. Na ce wannan ba ni zai tambaya ba, in ya tashi ya san hanyar gidan, matakala ashirin da shida ce.

Na zauna minti hamsin. Ƙafafuna na ta aikinsu a ƙarƙashin gadonsa, ya ɗauka sauri nake yi. Na ce masa a'a, labari ne mai tsawo.

Lahadi, da safe

Jiya da na shiga kwanciya na tarar da filo biyu a gado, da dogon kushin ɗin kujerar falo a tsakiya, an shimfiɗa shi daga sama har ƙasa. Na ce ai ƙafar ba ta natsu ba, likita ta ce sai watanni. Ta ce ta sani, ita ta kafa dokar, ita ta gyara ta, in kashe fitila.

Da safe ta ce na tsallake kushin ɗin na harbe ta sau biyu, kuma ta rama duka biyun, ban ko motsa ba. Yanzu tana ƙasa tana karɓo filas ɗinmu daga mai shago, ina jin muryarta tana cewa aro ta ba shi, shi kuma yana rantsuwa kyauta ce. Ta ce in fitar da kujeru baranda, kofi ɗaya ne, kuma ba mai kauri ba.

Ban duba agogo ba.